Makunnin Ƙarin Wuta: Sabuwar Mas'ala a Garejojin Gyaɗi-Gyaɗi

Duk wanda ya saba bi ta Gyaɗi-Gyaɗi bayan sallar la'asar, ko dai ya gangaro daga gadar Dangi ya miƙe Titin Zariya, ko kuwa ya karya ta Titin Kotu inda kanikawa ke fakewa a inuwar darbejiya da rumfunan kwano, lalle kunnensa ya soma sabawa da wata irin ƙara wadda ba a san ta ba a zamanin Fijo 504. Wani siririn fito ne ke tashi daga ƙarƙashin bonet sa'ad da direba ya taka totur, sa'an nan wani ɗan huci ya biyo baya in ya ɗaga ƙafa. Wannan ita ce muryar turbo, ta kuwa yawaita a 'yan shekarun nan har yaran gareji kan gane motar da ke da shi tun kafin ta tsaya.

Tare da yawaitar waɗannan motoci sai ga wata sabuwar buƙata ta fara isowa wurin kanikawa. Saurayi zai faka motarsa, a gaisa, ya ciro waya ya nuna hoton wata 'yar na'ura da ya gani a YouTube ko TikTok, ya ce, "Maigida, wannan nake so a sa mini, in ina cikin gari in kashe, in na hau hanyar Zariya in kunna, a buɗe mata wuta." Abin da yake nufi shi ne makunnin da ke sauya ƙarfin iskar da turbo ke turawa cikin inji, daga ƙasa zuwa sama, da danna yatsa guda.

Al'amarin bai zama ruwan dare ba tukuna. Amma tun da yake kayan ba su da tsadar a zo a gani, ana iya yin odarsu ta intanet, kuma sa su bai wuce aikin yini ɗaya ba, wajibi ne a san haƙiƙaninsa tun bai yi nisa ba.

Yadda turbo ya iso mana

Kanikawan da suka yi furfura a wannan sana'a a kan kafireto suka koyi aiki, tun lokacin da kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma ko da motocin Kwatano suka cika gari daga baya, galibinsu masu inji ne irin na da, wanda ba ya samun iska sai gwargwadon abin da fistin ya zuƙo. An san turbo, amma a tireloli da tankokin mai da sauran manyan motoci masu shan dizal, ba a motar gida ba.

Abin da ya sauya lamarin ba a nan ya faru ba. Hukumomin Turai da Amurka ne suka tsananta dokoki a kan hayaƙi da yawan shan mai, sai masu ƙera motoci suka ga babu mafita illa su rage girman inji, su cike gurbin ƙarfin da aka rasa da turbo. Ta haka ne Mercedes C300 ta bar inji mai silinda 6 ta koma mai 4 a samfurin 2015, Honda Accord ta bi sahu a 2018 da inji mai lita 1.5 ko 2.0, har ita Land Cruiser, wadda manyan mutane ke tinƙaho da silindarta 8, ta koma 6 da turbo biyu a 2021. Motocin waɗancan shekaru su ne yanzu ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas bayan sun gama yi wa masu su na farko hidima, su ne kuma ke jere a hannun dillalan Kano.

Ita dabarar tsohuwa ce. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi mata rajista a 1905, aka daɗe ana amfani da ita a jiragen ruwa da na sama, ba ta shiga motar gida ba sai a 1962, da kamfanin General Motors ya fitar da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Ita Jetfire sai da aka yi mata wani ɗan tanki dabam na ruwa gauraye da sinadarin metanol don ya sanyaya wutar injin, masu ita suka riƙa mantawa da cika shi, motar ta ƙi ja yadda aka yi alkawari, bayan shekara 2 aka daina ƙera ta. Watau tun ranar farko zafi ne abokin gabar turbo.

Zugazugin da hayaƙi ke juyawa

Inji ba ya samun ƙarfi sai ta ƙona fetur, fetur kuwa ba ya ƙonewa sai da iska, kimanin kashi 15 na iska bisa nauyi ga kowane kashi 1 na mai, saboda haka iyakar ƙarfin kowane inji ita ce iyakar iskar da ke iya shiga cikinsa. Maƙerin gargajiya ya san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa yake zaunar da yaro a kan zugazugi, domin in iska ta ƙaru wuta ta ƙara ci, ƙarfe ya yi ja. To turbo zugazugi ne, sai dai maimakon hannun yaro, hayaƙin injin ne ke aikin: fanka biyu ne a kan sanda ɗaya, hayaƙi mai zafin da kan kusanci digiri 900 ya juya ta farko, ta biyun ta zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin inji, suna juyi sau 150,000 ko fiye a minti guda.

Da za a bar shi haka, da ya hallaka injin da kansa, domin ƙarin iska na haifar da ƙarin hayaƙi, ƙarin hayaƙi na ƙara wa fanka gudu, haka nan ba iyaka. Don haka aka yi wata 'yar ƙofa a hanyar hayaƙin, wadda sifirin ke riƙe da ita a rufe daga cikin wani ɗan gwangwani, aka jawo siririn tiyo daga inda iska ke matse zuwa gwangwanin. Da zarar matsin ya rinjayi sifirin sai ƙofar ta buɗe, wani sashe na hayaƙin ya kauce wa fanka ya zarce salansa, matsin ya tsaya a haddin da aka yanka masa. Ana auna wannan da psi, ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya da shi. Tsofaffin motoci kan tsaya wajen 7 zuwa 12, ƙananan injuna na zamani kuwa sukan kai 16 zuwa 20 tun daga masana'anta.

Abin da makunnin ke yi

Na'urar da saurayin nan ke nema ba ta taɓa inji, ba ta ƙara mai, ba ta ƙara wa turbo girma. Aikinta ɗaya ne: ta ɓoye wa ƙofar gaskiyar matsin. Akan yanke siririn tiyon nan a sa wani ɗan bawul mai ƙwallo da sifirin, ko mai 'yar kafa da ke zubar da wani abu na iskar, ta yadda saƙo ba zai isa gwangwanin ba sai matsi ya haura yadda aka saba. In ana son mai sauyawa sai a ƙara solonayid mai hanya biyu, a ja waya zuwa makunni kusa da sitiyari. In an kashe, iska ta bi hanyarta ta asali, mota ta zauna yadda take, in an kunna ta bi ta bawul ɗin, matsi ya hau. Akwai masu aiki da lantarki tsantsa, irin na kamfanonin Japan kamar HKS da GReddy, waɗanda ke iya riƙe mataki da yawa.

Daga filin tsere abin ya samo asali. A shekarun 1980 direbobin Formula 1 suna da abin murɗawa a gabansu na ƙara matsi in za su wuce abokin hamayya, amma fa injunansu akan warware su ne bayan kowane tsere, kuma daga 1989 aka haramta turbo a gasar har tsawon shekaru.

Akwai abubuwan da hotunan waya ba su cika faɗa ba. Makunnin ba ya iya saukar da matsi ƙasa da ƙarfin sifirin da ke cikin gwangwani, matakin da ake kira ƙasa, a galibi, shi ne inda motar take tun asali ko kusa da nan. Kuma tilas ne mai wayarin ya haɗa shi ta yadda in waya ta tsinke ko fis ya ƙone, motar za ta faɗa matakin ƙasa, domin in aka juya haɗin, ranar da waya ta sake ƙofar na iya ƙin buɗewa a kan lokaci alhali direba bai sani ba.

Babbar magana kuwa ita ce yawancin sababbin motoci ba su karɓar wannan dabara sam. A Accord mai lita 1.5, alal misali, babu tiyon da za a yanka, wani ɗan moto ne na lantarki ke buɗe ƙofar bisa umarnin ƙwaƙwalwar mota. A motocin Volkswagen masu inji 1.8T, irin su Passat da Golf da wasu Sharan, tiyon yana nan, amma ƙwaƙwalwar tana lura, in ta ga matsi ya wuce abin da ta nema sai ta yanke mai, ko ta kunna wutar cek ta hana motar ja. Ita ma Hilux mai dizal ta zamani da wasu 'yan fukafukai masu motsi take daidaita matsinta. Irin waɗannan ba a sauya su sai an sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwar da kwamfuta, wannan kuwa wani ilmi ne dabam.

Rarar da masu ƙira suka bari

Hujjar masu son makunnin ita ce kamfani ya ɓoye wa motar ƙarfi. Akwai gaskiya a ciki. Masu ƙira ba su kai inji iyakar abin da zai iya ɗauka, sukan bar rara. Amma ba rowa ce ta sa suka bar ta ba, ihtiyaɗi ne, domin sun san motar za ta tsufa, za ta sha man da bai kai ba, za ta shiga ƙasa mai zafi da ƙura, za a makara wajen juyen baƙin mai. Wanda ya dubi waɗannan sharuɗɗa da idon basira zai ga Kano ce aka siffanta. A ganina nan ne mas'alar take: rarar da ake son a ci da makunni, yanayinmu ya riga ya cinye mafi yawanta tun kafin a taɓa kome.

A dubi zafi. Iska in aka matse ta zafi take yi. A watan Afrilu ko Mayu, sa'ad da zafin Kano ke haura digiri 40, iskar da turbo ya ninka matsinta kan fito da zafin da ya wuce digiri 120, kuma intakula, watau ɗan lagireton da ke sanyaya ta, ba shi da ikon saukar da ita ƙasa da zafin garin, balle in ƙurar hunturu ta toshe masa ido. Iska mai zafi da matsi mai yawa su ke sa fetur ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta isa gare shi, sai a ji wani ƙaras-ƙaras a cikin inji, kowace fashewa kuwa duka ce a kan fistin da zobbansa da gasket.

Abin da ke hana wannan fashewa shi ne darajar mai da ake kira okten. Fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen manmu iri ɗaya ne, darajarsa wajen 90 zuwa 91, alhali a Turai na gama-gari 95 ne, mai tsada 98, kuma da yawa daga motocin turbo 95 aka sharɗanta musu. A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware: wanda ya buɗe murfin tankin Mercedes da ta zo daga Amurka ya ga an rubuta 91, kada ya ɗauka manmu ya isa, domin ma'aunin Amurka dabam ne, 91 nasu daidai yake da kimanin 95 a ma'aunin da muke bi. Wannan fa in man mai kyau ne. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da kamfanin NNPC ya tabbatar da an shigo da fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka lalace, layuka suka dawo. Man 'yan bumburutu kuwa, wanda ya wuni a galan cikin rana, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki.

Motar zamani tana da kunne a jikin inji, in ta ji fashewar sai ta jinkirta wutar fulogi, ƙarfi ya ragu, inji ya tsira. Sau da yawa ƙorafin da ake kawowa gareji na cewa mota ba ta ja da rana, wannan ne sababinsa, motar ce ke kare kanta. Kamfanin Saab na Suwidin ya fito da wannan hikima a 1982, inda ya haɗa kunnen da ƙofar hayaƙi, ta yadda in man bai da kyau motar da kanta za ta rage matsi. Bawul ɗin da ake sawa a tiyo akasin haka yake yi, ba shi da kunne, ba ya sanin wane mai aka sha, ba ya sanin ƙarfe biyu na rana ne ko asuba.

Sa'an nan ƙarin iska na neman ƙarin mai. Motar da ta ci kilomita 150,000 kafin ta tsallako teku, famfon manta ya gaji, nozul sun yi datti, in iska ta yi yawa mai bai biyo ta ba sai wuta ta ƙara zafi har ta kai ga huda fistin. Giya ma tana da haddi, musamman irin ta CVT mai aiki da bel, wadda ke cikin ƙaramar Accord. In abin ya auku, sai tafiya Ƙofar Ruwa neman inji ɗan Beljiyam, da kuɗin da a yau ake ƙirgawa da miliyoyi.

Batun rage shan mai

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da dama, duk abin da aka ce yana rage shan mai sai ya sami kasuwa. Wasu da wannan niyya suke neman makunnin. Sai dai turbo ba ya matsa iska sai an taka totur da ƙarfi, wanda kuwa ke bin cunkoson Titin Gidan Zu ko na Unguwa Uku a hankali, ko ya kunna ko ya kashe, man da zai sha ɗaya ne. A matakin sama kuwa ƙari ake yi, domin ƙwaƙwalwa kan zuba mai fiye da kima don ta sanyaya silinda.

Masu so da masu ƙi

Dattawan kanikawa galibi ba su son aikin, ba don ba su iya ba, sai don sun san wanda za a zarga in inji ya buga. Matasan da suka koyi aiki da na'urar binciken mota kuwa suna ganin ƙin taɓawa ba ilmi ba ne, kuma in an bi ƙa'ida ana iya ƙara kaɗan lafiya. Su ma suna da hujja. Ƙa'idar tasu ita ce a fara tabbatar da lafiyar inji, a auna matsin silinda, a sake fulogi da matatar iska, a wanke intakula, a sa baƙin mai na gaske mai darajar API SP, wadda aka fitar a 2020 tana la'akari da irin waɗannan ƙananan injuna. Kana a sa geji biyu, na matsi da na gaurayen iska da mai, tun kafin a sa makunnin, a riƙa ƙarawa psi ɗaya-ɗaya ana dubawa, a tsaya a 2 ko 3 bisa na asali. Wanda ya sa makunni ba geji, bai san abin da ya kunna ba.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba, ita ce kuwa ta fi gamsar da ni. A tsofaffin motocin da ƙwaƙwalwa ke ɗaga matsi sama da na sifirin, ana iya haɗa makunnin ya mayar da shi na sifirin kawai, watau ƙasa da na kamfani. Magidancin da zai ba direba ko ɗansa mota, ko wanda tafiya ta kama shi ya sha man da bai amince da shi ba a tsakiyar bazara, wannan matakin ne zai amfane shi.

Hanya da hukuma

Tun da kamfanin Julius Berger ya sake gina hanyar Kano zuwa Zariya ta yi santsi, santsin kuwa na jan ƙafa. Amma haddin gudun motar gida a dokar hanya kilomita 100 ne cikin awa guda a babbar hanya mai tagwaye, 50 a cikin gari, kuma kowace motar turbo tana wuce wannan ba tare da an ƙara mata kome ba. Hukumar FRSC ta tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu tun 2017, KAROTA na kan titunan birni, 'yan sanda kuma sukan yi gargaɗi a kan tseren motoci da wasa da su lokacin salla da bukukuwa. Hanyar Zariyan ta ratsa Kura da Kwanar Dangora da garuruwa masu kasuwa a bakin titi, makunnin kuwa bai ƙara wa birki ko taya kome ba. Mazauna Gyaɗi-Gyaɗi, da ke maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba su buƙatar a ba su labarin abin da gudu ke kawowa sashen gaggawa.

Lamuni da bayyana aibi

Saura mas'alar da ke kai mutane gaban alƙali. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid suka sani, mai sana'a yana lamunce abin da aka ba shi ya yi aiki a kansa a bayan idon mai shi. Malamai sun sassauta a aikin da hatsari ke cikin asalinsa, irin huda lu'ulu'u, muddin mai sana'ar bai yi sakaci ko ƙetare haddi ba. Hukuncin kowace ƙara na malamai ne da alƙalai, amma a fili yake cewa bakaniken da ya bayyana hatsarin gaban shaidu, aka yi ittifaƙi a kan iyakar matsin, ya sa geji, matsayinsa ba ɗaya ba ne da wanda ya murɗa bawul da ka ya ce a je a gwada.

Ta fuskar ciniki abin ya fi nauyi, domin motar da aka wahalar da matsi takan ɓoye ciwonta wata da watanni, kuma cire na'urar kafin a kai wa dillali aikin minti kaɗan ne. Shari'a ta haramta algus da ɓoye aibi, ta ba mai saye zaɓin mayar da kaya in ya gano tsohon aibi, in kuwa mai sayarwa ya san da shi ya yi shiru, kayan suka hallaka ta dalilinsa, hasarar a kansa take. Wahalar ita ce kafa hujja. Saboda haka mai sayen motar turbo a hannu na biyu ya tafi da bakanikensa, a duba siririn tiyon da ke zuwa gwangwanin ƙofar hayaƙi ko an taɓa yanka shi an yi masa jona, a duba ƙarƙashin sitiyari ko akwai hujin makunni ko wayar da ba ta zuwa ko'ina, a ciro fulogi a ga launinsu, a auna matsin kowace silinda, a kuma sa na'ura ta karanto ko ƙwaƙwalwar ta taɓa rubuta cewa matsi ya wuce kima, duk kafin a biya kuɗin kafin alƙalami.